Bakwai da biyun da taubashina ya nuna min

Bari in fara wanke kaina tukunna, don na san mutanenmu na Sakkwato, kafin in rufe baki wani ya riga ya ce "Malam ka ji tsoron Allah". Wasan kati muke yi, wanda ake ce ma poka, amma ba caca ba ce. Ko naira ɗaya ba ta taɓa sauka kan tabarmarmu ba, kuma ranar da duk ta sauka ni ne farkon wanda zai ɗauki takalminshi, aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ba ta bar ma kowa wurin kwana-kwana ba. Da wake muke yi, farin wake irin na garau-garau, sai murfin kwalbar lemu wanda kowane ɗaya yake matsayin wake goma. Kowa a ƙirga mishi ɗari biyu, wanda nashi sunka ƙare ya koma gefe, shi ne mai hura gawayi da wanke kofunan shayi har a tashi, kuma wallahi in ka ga yadda ƙato da gemunshi yake jin zafin wannan wankin kofin sai ka rantse gida ya rasa. Na san akwai malaman da ko hakan ba su so, suna ganin kashe lokaci ne, ban kuma ce sun yi kuskure ba, shi ya sa ma sai daren Juma'a da na Asabar muke zama, bayan isha'i, sha ɗaya na yi a watse.

Mu shida ne, ƙofar wani shago nan Runjin Sambo. Akwai Tela wanda shi ne babbanmu, Yaya muke ce mishi, sai malamin firamare, sai mai kemis, sai wani ƙanenmu ɗan kabu-kabu, sai taubashina, sai ni. Da can wot muke bugawa kamar kowa. Malamin ne ya kawo muna poka, a 2020 da anka rufe makarantu saboda korona ya samu kanshi ba aikin fari ba na baƙi sai latsa waya, nan ya koyi irin wadda ake ce ma Texas Hold'em, ya zo ya dame mu har munka koya.

Ga wanda bai san ta ba, a gurguje. Kati 52 ne ba joka, A ce babba, sai K, Q, J, sai 10 har zuwa 2. Kowa a ba shi biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya waɗanda na kowa ne, uku a tashin farko, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Cikin bakwan nan kake haɗa biyar mafi kyau. Ana zubi sau huɗu, kafin a buɗe komai da kuma bayan kowace buɗewa, in layi ya zo kanka ko ka wuce in ba wanda ya zuba, ko ka zuba, ko ka bi abin da wani ya zuba, ko ka ƙara a kai, ko ka aje katinka ka haƙura. Mu a majalisarmu kati biyu masu lamba ɗaya tagwai muke ce musu, uku 'yan uku, biyar a jere jeri, biyar masu zane iri ɗaya kuma dangi, kowane na gaba ya fi na bayanshi ƙarfi. Abin da anka tara a tsakiya tari. Wanda kuma ya zuba da yawa alhali ba ya da komai don kawai ya tsorata mutane su aje, wannan ita ce burga, ba mu sha wahalar nema mata suna ba.

To abin da ya sa ni wanga dogon zance, wani dare ne cikin hunturun bara. Ina riƙe da A da Q. Anka buɗe Q, 8, 3, kenan ina da tagwan Q, su ne mafi girma a ƙasa, ga A a gefe, na zuba taubashina ya bi. Anka buɗe 5, na sake zubawa ya sake bi. Na ƙarshe ya fito K. Na wuce, ai kau sai mutumin ga ya tattaro duk waken da ke gabanshi har da murafan ya turo tsakiya, ya naɗe hannu yana kallon titi kamar ba shi ba. Na yi ta juyi, na ce ko dai K ɗin nan ya samu, ko tun farko 'yan uku ya ɓoye yana bina a hankali, ƙarshe dai na aje. Da ya kwashe tarin ya yi shiru da shi kenan, a'a, sai da ya juya katinshi a gaban kowa, 7 da 2, kuma ba dangi ɗaya ba. Duk wanda ya san wasan ya san wanga shi ne katin da ake ma kallon mafi lalacewa cikin abin da za a iya raba ma mutum. Majalisa ta fashe, ɗan kabu-kabu har da kwanciya. Shi kau yac ce "haba taubashi, ashe haka kake da tsoro, in an ce kulle sai ka ce cas mana." Kun san wasan taubasai, ba dama ka yi fushi, sai dai ka haɗiye ka yi yaƙe.

Na haɗiye, amma bai wuce ba. Tun daga ranar duk sanda ya zuba da yawa a katin ƙarshe sai 7 da 2 ɗin nan su faɗo min a rai, in ce yau dai ba ka sake yi min, in bi. Sati uku ina haka. Daga baya da na zauna na lissafa, sau tara na bi shi, sau ɗaya kacal na kama shi da burga, sauran takwas ɗin duk da kayanshi a hannu, ni ko na zama ɗan wankin kofi na dindindin har Yaya Tela ya fara tambaya ko a ɗinka min atamfar aiki. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, ni nawa saran ya juye, duk macijin da na gani sai in ce tsumma ne in kai hannu.

Abin da ban gane ba lokacin shi ne, ai ba a banza ya nuna min katin ba. A poka in kowa ya aje ba dole ba ne ka nuna abin da ke hannunka. Duk wanda ya nuna da ganin damarshi talla yake yi, yana so ka riƙe wannan hoton a kanka. Taubashina ya sayar min da burga ɗaya, na yi sati uku ina biyan kuɗinta da wake.

Nan ne na sayi littafin eksasais mai falle 40 na fara rubutu in na koma gida, ba a wurin ba don kar a ce na zaƙe. Kuma na sa ma kaina doka ɗaya, ba na rubuta komai sai abin da na gani da idona. Wane ne, nawa ne a tari, nawa ya zuba, a wace buɗewa, sannan mi ya fito a hannunshi da anka baje kati. In ba a baje ba, ko da na rantse burga ya yi, ba ya shiga wannan shafin, akwai wani shafi can baya da na rubuta ma "zato" a sama, nan nake jibge su. Bayan wata biyu da na gwada shafukan biyu kunya ta kama ni, kusan rabin abin da nake ɗauka na sani game da mutanen nan zato ne wanda haushi ya haifa.

Dalilin da ya sa tarihin mutum yake da amfani a wasan ga lissafi ne ba wani duba ba. A ce akwai wake 40 a tari, mutum ya zuba 20 a katin ƙarshe. In na bi, 20 zan sa, tarin ya zama 80, kenan ko sau ɗaya cikin huɗu nake cinye shi ban faɗi ba. In kuma 40 ya zuba a kan 40, zan sa 40 tari ya zama 120, sai na ci sau ɗaya cikin uku kafin in fita hakkina. To in katina irin wanda ba ya cin komai ne sai burga, tambayar ta zama guda ɗaya tak, shin wanga mutum in ya yi irin wannan zubin, sau nawa cikin uku yake zama ba ya da komai? Katin hannuna ba zai ba ni amsar ba, fuskarshi ma ba ko yaushe ba, abin da ya yi a baya ne kawai zai ba ni. Taubashina sau ɗaya cikin tara, ni kuma ina bukatar ɗaya cikin uku, ka ga asara tun kafin in taɓa wake.

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, ni dai a tabarmarmu na fi yarda da hannu. Fuska kowa ya iya gyara ta, ballantana da dare ga wuta ta ɗauke ana haska kati da tocilan waya. Amma yawan waken da mutum ke turawa, wannan ɗabi'a ce, ba ya ma sanin yana yi.

Malamin firamare shi ne babban misali. Mutum ne mai wayo, to wayon nashi ne ya tona shi. In yana da babban kati sai ya zuba ɗan kaɗan, kamar 10 a kan 50, don yana tsoron kar ka gudu ya rasa ciniki, in kuma ba ya da komai sai ya zabga 50 ko 60 don ya kore ka. Wato komai nashi a juye yake. Ban gane ba sai da na ga an baje katinshi sau goma sha wani abu na jera su a layi, ƙaramin zubi manyan kaya, babban zubi iska. Tun daga nan in ya yi ɗan zubin nan nashi na lallashi, ni da tagwai matsakaita sai in yi taka-tsantsan, bi kawai ba ƙari, in kau ya zabga sai in gyara zama. Har yau ban gaya mishi ba kuma ku ma don Allah ku rufa min asiri.

Mai kemis kuma nashi daban. In ya ƙara kafin a buɗe komai, to da an buɗe ukun farko sai ya zuba, ko ya samu ko bai samu ba, kamar wanda anka ɗora ma farilla. Alhali duk mai riƙe da kati biyu mabambanta, kusan sau ɗaya cikin uku ne kawai ɗayansu ke yin tagwai da ukun farko, sau biyu cikin uku ba abin da ya samu. To shi in ka bi shi a nan, aka buɗe na huɗu bai samu ba, sai ya wuce, ya saki wasan gaba ɗaya. Harsashi ɗaya gare shi. Ni kuma sai in bi na farkon ko da ɗan abu kaɗan ne a hannuna, in ya wuce in zuba rabin tari, ya aje. Zubin rabin tari sau ɗaya cikin uku kawai yake bukatar ya yi aiki ka maida wakenka, shi ko mai kemis ya fi sau biyu cikin uku yana ajewa. In kuma na ga ya sake zubawa a na huɗu, to ba na tsayawa gardama, na san maganin na gaske ne.

Ƙanenmu ɗan kabu-kabu ba sai an sayi littafi dominshi ba, dare ɗaya ya isa. Kusan duk rabon da anka yi yana ciki, kuma ba ya ajewa, yadda yake kutsawa tsakanin motoci a shataletalen Gawon Nama haka yake kutsawa cikin kowane tari, wai shi sai ya ga ƙarshe. Irin wannan ba a yi mishi burga, asarar wake ce, kamar ka yi ma kurma barazana da baki. Jira kawai za ka yi ka samu abin kirki ka yi ta zubawa yana biya. Ranar da katin ya zo mishi kuma ya kwashe kowa ya yi ta ihu, a bar shi ya ji daɗi, sati mai zuwa zai maido.

Ka ga bambancin kenan, wani halin yana fitowa da wuri, wani sai an daɗe. Yawan shiga wasa kullum kana ganinshi, kowane rabo shaida ne, ko ya shiga ko bai shiga ba. Amma abin da mutum yake yi a katin ƙarshe da babban zubi, mu da muke yin rabo hamsin ko ƙasa da haka a dare, wata sa'a sai a yi dare biyu bai faru ba, in ya faru ma sai wani ya bi kafin a ga katin. Nan ma akwai wani rami da na daɗe ban lura da shi ba, burgar da ta yi nasara ba ta shiga littafina, tunda kowa ya aje ba a gani ba. Wadda anka kama kawai nake gani. Don haka ko lissafin nawa ina sanin cewa ya ɗan karkata, mutum na iya fin abin da na rubuta yawan burga, musamman in shi ne irin wanda ake jin tsoron bi.

Sannan ga sa'a. Akwai hanyoyi 1,326 da za a iya raba ma mutum kati biyu, tagwan A sau ɗaya cikin 221 suke zuwa, amma ba abin da ya hana su zo ma mutum sau biyu cikin awa ɗaya. Wani baƙo ya taɓa zama da mu, abokin mai kemis daga Birnin Kebbi, daren nan ya yi ta ƙari yana ƙari na ce wanga ai mahaukaci ne, na rubuta haka. Da ya dawo bayan wata guda sai ga mutum lum kamar ruwan randa, ashe ranar farko kati ne kawai ya yi ta zubo mishi.

Masu yin wasan a intanet su sun huta da biro, akwai manhajoji irin su PokerTracker da Hold'em Manager da ke tara duk rabon da ka yi da mutum, su nuna maka lambobi a gefen sunanshi, kashi nawa cikin ɗari yake shiga, kashi nawa yake ƙarawa kafin a buɗe, har wasu shafukan sunka hana amfani da irinsu don ƙwararru na cinye sababbin shiga da su. Su ma ɗin masu hankalinsu ba su yarda da lambar katin ƙarshe in ba a tara rabo masu yawan gaske ba. To ina ga ni mai eksasais.

Wani abu da littafin ya koya min wanda ban zata ba, mutum ɗaya ba ɗaya ba ne duk dare. Taubashina in yana kan gaba da wake natsattse ne, amma in anka cinye shi a babban tari, musamman in katin ƙarshe ne ya kashe shi, rabo uku huɗu masu zuwa zuciya ce ke wasa ba shi ba, nan ne burgarshi take. Da na zauna na tuna, daren 7 da 2 ɗin ma bai daɗe da shan kashi hannun Yaya Tela ba. Kenan ba ƙarya na gani ba, yana burga, amma a wane hali, shi ne ban tambaya ba. Haka ƙarshen dare, in sha ɗaya ta gabato kowa na son ya tashi da wake da yawa ko ya ƙare ya huta, sai ka ga har masu tsoro sun fara tura duka. Yanzu a littafin har lokaci nake sawa.

Duk wanda ya taɓa zuwa Kara sayen ragon layya ya san wanga ilimi, ba Turawa sunka ƙirƙiro shi ba. Ka taya, dillali ya ce albarka, ka juya ka kama hanya kamar ka haƙura. Tsohon dillali ba fuskarka yake kallo ba, tunawa yake bara da ka yi mishi wannan tafiyar ka dawo ko ba ka dawo ba. In ka saba dawowa ko kiranka ba ya yi, zai ci gaba da ba ragon dusa. In kau ya san kai in ka tahi ka tahi kenan, kafin ka yi taku biyar ka ji "Alhaji zo mana, kawo kuɗin". Shi ma kuma ya san mai sayen da ya zo da safe da wanda ya zo jajibirin Salla da yamma ba ɗaya ba ne ko da mutum guda ne.

Sai dai sanin ma wani abu ne, aiki da shi wani abu ne daban. Akwai wasan da ya shahara a babbar gasar duniya ta Las Vegas a 2003, wadda mutum 839 sunka shiga, wani akanta daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker wanda ta intanet ya samu gurbi ya rage shi da wani gogagge, Sam Farha. Moneymaker na riƙe da K da 7, yana neman dangi bai cika ba, ba ya da ko tagwai, ya tura duka. Farha na da Q da 9, tagwan 9 kenan, ya fi shi nesa ba kusa ba, har ya faɗa da bakinshi cewa yana zargin dangin ne bai cika ba, ya yi ta tunani, ƙarshe ya aje. Moneymaker ya cinye gasar da dala miliyan 2.5. Na kalli bidiyon ya fi sau biyar, kullum sai in ji tausayin Farha don na san wannan zaman, kai ya gaya maka gaskiya hannu ya ƙi miƙawa.

Labarin da ya fi tsaya min a rai kuma na wata kwamfuta ne, Libratus, wadda Tuomas Sandholm da Noam Brown na jami'ar Carnegie Mellon sunka haɗa. A Janairun 2017 a birnin Pittsburgh ta kara da ƙwararru huɗu, kwana 20, rabo 120,000, ta tashi da ratar sama da dala miliyan 1.7, amma na ƙirge ne kawai ba kuɗin gaske ba, kusan dai irin wakenmu. Mutanen nan kullum da dare sai su haɗu su tattauna inda sunka ga rauninta don su bi ta nan gobe. Ita kuma cikin daren ba raunin su take nema ba, duba take yi ta ina sunka yi ta ƙoƙarin shigo mata, ta toshe wurin, gari na wayewa su ishe ƙofar jiya a rufe. Wato tarihin wasan da ta fi amfani da shi don gyaran kanta ne. Da na ji haka na buɗe sabon shafi na sa sunana a sama, na fara rubuta abin da su sunka gani daga gare ni, duk katin da na baje a gabansu. Abin da na ishe bai min daɗi ba, cikin wata biyu ba a taɓa kama ni da burga a katin ƙarshe ba, ba don na iya ba, don ba na yi ne sam. Kenan duk mai hankali a tabarmar ya san in na zuba da yawa ya aje kawai, shi ya sa manyan katina ba su kawo min komai. Dole na fara cusa burga jefi-jefi, musamman a kan mai kemis da malam masu iya ajewa, kuma randa ɗan kabu-kabu ya kama ni da ɗaya ban ji haushi ba, na bar kowa ya kalli katin da kyau.

Saura Yaya Tela, wanda da gangan na bar shi ƙarshe. Dattijo ne mai haƙuri, yadda yake zama kan keke yana bin layin aiki a wuyan riga haka yake wasa, sai a yi rabo shida bakwai bai shiga ba yana kurɓar shayinshi. Shafinshi ya fi na kowa tsabta, sau 14 na ga an baje katinshi bayan ya yi babban zubi a ƙarshe, sau 14 yana da abin da ya ce yana da shi. Hali zanen dutse. Ni dai in ya turo murafai ko ina da tagwai biyu sai na yi tunani sau biyu.

Sai ga shi sati uku da sunka wuce, ni da shi munka rage a wani tari mai kauri, ina da tagwan K, katin ƙarshe ya fito wanda zai iya cika dangi, ya ƙirgo murfi takwas ya aje a tsakiya a hankali. Ban ɓata lokaci ba na aje. Sai dattijon nan ya yi murmushi, ya juya katinshi, J da 10, ba dangi ba jeri ba komai. Majalisa ta kaure, taubashina har da tashi tsaye yana tafi. Na ce "Yaya, har da kai?" Yac ce "to mi za a yi, ƙanena, na ga kwana biyu kana raina min wayo, da na taɓa murfi ka gudu."

Daren nan da na koma gida na daɗe da biro a hannu. Raina na ce min shi kenan Yaya ya canza, daga yau a bi shi. Amma na san wannan muryar, ita ce ta sa ni wankin kofi sati uku. Kuma shi ma da ganin damarshi ya nuna, ba wanda ya tilasta shi. Na rubuta 14 da 1, na ja layi ƙarƙashin ɗayan, na sa a gefe cewa shi ya nuna da kanshi.

Juma'ar da ta wuce abin ya sake zuwa. Mu uku a ciki, ni da shi da malam, ina da tagwan A, ƙasa akwai 9 ɗaya da wasu tarkace, katin ƙarshe ya fito 4, Yaya ya turo murfi goma a kan tarin da bai kai ɗari da ashirin ba. Taubashina na gefe yana zuga ni, "bi shi mana, ka manta J da 10?" Ban manta ba, har gumi sai da ya tsattsafo min. Na yi lissafina, kusan sau ɗaya cikin uku nake bukata, littafi ya ce ɗaya cikin goma sha biyar, ko na ninka don burgar da ba a gani ba bai kai ba. Na aje. Malam da ke bayana ya kalli Yaya ya kalli tari, yac ce shi dai ba a yi mishi haka, ya tura sauran wakenshi duka. Yaya ya juya tagwan 9, da na ƙasa 'yan uku kenan.

Malam ya tashi ya ɗauki mafici ya nufi gawayi, yana tafiya yana tambayar wa ya ɓoye soson wankin kofi. Na ce mishi ya duba bayan buta, nan nake aje shi.